Masu gajimaren hayaki, ku zo mu yi lissafi: zare kan tankin ɗaura-da-kanka

1/ Jama'a, yau da masu gajimare nake. Waɗanda suka ce sun bar sigari, suka sayi na'ura mai wat 80, suna turnuƙe ɗaki kamar an cinna wa bola wuta, sannan suna yi wa mai koyil ɗin om 1.2 dariya wai kayan tsofaffi ne. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Sharaɗi tukuna. In ba ka taɓa shan sigari ba, zaren nan bai ba ka izinin komai ba. Nikotin jaraba ce, in ta kama mutum ba ta saki da daɗi, huhunka kuma iska kawai yake buƙata. Ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa, wuce abinka, Allah ya yi maka albarka.

3/ Da wanda sigari ta riga ta kama nake magana. Mai kwali guda a rana, mai kara biyar, mai ɓuya bayan gida yana tauna cingam kafin ya shiga wajen Hajiya. Wanda ya sha rantsuwa ya daina, bayan kwana uku ya koma. In kai ne, karanta har ƙarshe.

4/ Matsayata a taƙaice: in don gudun sigari ka zo, abin da ya dace da kai tanki ne da za ka ɗaura wa koyil da hannunka, koyil mai turjiya daga om 1 zuwa sama, ƙofar iska matsattsiya, wuta kaɗan. Sauran duk shisha ce aka sa wa batir.

5/ Mu tuna asalin abin. Hon Lik, wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, shi ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003. Mashayin sigari ne sosai, mahaifinsa kuma kansar huhu ce ta kashe shi. Mafita mutumin yake nema. Gasar hayaki daga baya 'yan kasuwa suka kawo ta.

6/ Zuƙa iri biyu ce. Ta farko: ka ja hayaƙi ya taru a baki, sannan ka shaƙa zuwa huhu. Haka ake shan sigari, Turawa na taƙaita sunanta da MTL. Ta biyu: ka buɗe ƙirji ka ja kai tsaye har ƙasan huhu. Haka ake shan shisha.

7/ To mutumin da ya shekara goma bakinsa ya saba da matsattsiyar zuƙar sigari, da ɗan kartar nan da take yi a maƙogwaro, sai ka miƙa masa bututu mai iska kamar fanka? Ba zai ji abin da jikinsa ke nema ba. Zai yi ta busa gajimare da rana, da dare ya je wajen mai tebur ya sayi kara biyu.

8/ Kun san su ai. Na'ura a hannun dama, kwalin sigari a aljihun hagu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma garar ma ba a rabu da ita ba. Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, kayan da aka sayar masa ba su dace da matsalarsa ba tun farko.

9/ Mene ne tankin ɗaura-da-kanka? A kwalinsa za ka ga an rubuta RTA. Tanki ne da babu koyil ɗin kamfani a ciki. Akwai ɗan dandali mai sukurori biyu, kai za ka naɗe wayar ƙarfe, ka ɗaure ta, ka zura auduga, ka rufe, ka zuba ruwa. Shi ke nan sirrin.

10/ Ba sabon abu ba ne kuma. Kayfun na kamfanin SvoëMesto da Taifun na Jamus sun daɗe suna jan zarensu a wannan fanni, daga baya masu sauƙin kuɗi irin su Berserker, Siren da Ares suka fito. Ba talla nake ba, babu wanda ya biya ni ko sisi. Sunaye ne don ka san abin da za ka tambaya.

11/ Yanzu lissafi, kar kowa ya gudu, na aji uku ne na sakandare. Dokar Ohm: ka raba bolt da om, ka samu amfiya. Ka ninka bolt da amfiya, ka samu wat. Turjiya ita ce yadda wayar ke hana wuta wucewa da sauƙi. Om ya yi yawa, wuta kaɗan ke bi.

12/ Ɗauki batir mai bolt 3.7 a na'urar da babu komai tsakanin batir da koyil.
Koyil om 1.2: amfiya 3 da ɗan ɗori, wat 11 da wani abu.
Koyil om 0.15: kusan amfiya 25, wat 91.
Batir ɗaya, baki ɗaya, amma nauyin da aka ɗora masa ya ninka sau takwas.

13/ Batirin da aka fi amfani da shi 18650 ne, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Samsung 25R iyakarsa amfiya 20. Samsung 30Q amfiya 15. Mai om 1.2 ko kusa da iyakar bai je ba. Mai om 0.15 ya tsallake ta, in batirin a cike yake da bolt 4.2 ma amfiya 28 yake ja.

14/ Na san wani zai ce tasa na'urar mai allo ce, ita ke daidaita wuta. Gaskiya ne, a irin wannan wat ɗin da ka saita shi ke yanke abin da batir zai bayar. To saita wat 80 a batir ɗaya, in ya yi ƙasa zuwa bolt 3.2, amfiya 25 ke nan tun kafin a lissafa asarar na'ura. Mai wat 12 bai kai 5 ba.

15/ Sannan wane batir ne ma a ciki? Kasuwanninmu cike suke da 18650 na cocila da aka rubuta wa 9900mAh. Ƙarya ce tsagwaronta, na gaske mafi girma ko kusa da haka bai kai ba. Irin wannan ka ɗora masa amfiya 25, a dab da haƙoranka? Haba malam.

16/ Batir ɗin lithiyam in ya yi fushi ba ya ba da sanarwa. Zafi, feshin gas, wuta, cikin daƙiƙu. Ko da wane koyil kake, sayi batir na gaske, in ledar jikinsa ta yage kar ka sa shi, kuma kar ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli. Amma mai wat 12 yana da sarari mai faɗi tsakaninsa da haɗari.

17/ Ga kuma maganar NEPA, wadda kowa ya san halinta. Batir mai 3000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 11. A wat 12, wajen minti 54 ne na danna maɓalli. A wat 80, minti 8. Shi ya sa mai gajimare kullum yana layin caji da masu waya, mai MTL kuwa ya manta inda ya ajiye caja.

18/ Hujjar da suka fi taƙama da ita: "Ni nikotin ɗina 3 ne kawai, kai kana shan 12, wa ya fi cutar da kansa?" Madalla. Lambar nan ta jikin kwalba miligiram ce a kowane mililita. Ba a gama lissafi ba sai an tambaya mililita nawa kake ƙonawa a rana.

19/ Misali. Kai 3 ne, amma tankinka na shanye mililita 15 a rana: 45 ke nan. Shi 12 ne, yana shan mililita 3: 36. Nikotin ɗin da kuka ƙona kusan ɗaya, kai ma ka ɗan fi shi. Bambancin shi ne kai ka tura ruwa ninki biyar ta cikin huhunka kafin ka kai wurin.

20/ Ruwan nan kuma ba zamzam ba ne. Gilisirin ne da sinadarin PG da fileba. An san ana cin su a abinci, amma ciki daban, huhu daban. Duk wanda ke da hankali zai so ya rage yawan abin da yake shaƙa, ba ya ninka shi don a ɗauke shi bidiyo a TikTok ba.

21/ Zafi ma magana ne. A 2015 masu bincike daga jami'ar Portland State ta Amurka sun wallafa cewa a bolt 5 sun samu sinadaran da ke sakin fomaldihaid a tururin, a bolt 3.3 ba su samu ba. An yi musu raddi cewa sun ƙona audugar ne fiye da yadda mutum zai iya jurewa.

22/ Ko wanne ɓangare ka bi, darasin guda ne: in koyil ya yi zafi fiye da yadda auduga ke kawo masa ruwa, guba ke fita. Ɗanɗanon ƙauri a baki gargaɗi ne, ka tsaya nan take. Wuta kaɗan a kan auduga jiƙaƙƙiya ita ce hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan.

23/ A fahimce ni, lambar om ɗin ba laya ba ce. Abin da ke faruwa shi ne siririyar waya ba ta da nauyi, wuta kaɗan ta ishe ta ta yi zafi nan da nan. Kakkauran koyil kuwa sai an banka masa wat kafin ya motsa, in ya ɗau zafi kuma sai iska mai yawa kafin ya huce.

24/ Don haka abu uku ne dole su tafi tare: kaurin waya, yawan wat, faɗin ƙofar iska. Ka sa kakkauran koyil ka toshe iska, ka ƙona auduga da leɓe. Ka sa siririn koyil ka buɗe iska duka, ka sha iska zalla. Masu cewa sun gwada MTL babu daɗi, yawanci nan suka kwafsa.

25/ A tankin MTL na gaske ramin iskar yana ƙarƙashin koyil, faɗinsa wajen milimita 0.8 zuwa 1.5, ɗakin koyil ɗin kuma ƙarami ne. Tururin ba ya samun wurin tsinkewa, yana zuwa baki da ɗuminsa da ɗanɗanonsa. Rufe zoben iskar babban tanki ba zai ba ka wannan ba, fito kawai zai riƙa yi maka.

26/ Mu zo kan aljihu. Koyil ɗin kamfani daga waje yake zuwa, yawanci daga Shenzhen, farashinsa na bin dala. Sati ɗaya ko biyu ya ƙone, ka koma shago. Ranar da kamfani ya daina yin samfurin, ko mai shago ya ce ya ƙare, tankinka ya zama kwalliyar kan tebur.

27/ Koyil ɗaya na MTL wayar santimita 7 zuwa 10 yake ci har da abin da za a datse. Ƙullin mita 10 zai ba ka wajen koyil ɗari. Koyil ɗin kuma yakan yi makonni, auduga kawai kake canzawa. Yanzu ka gane dalilin da mai shago ba ya ɗaga maka wannan tanki daga ƙasan gilashi?

28/ Ba na cewa duk mai shago mugu ne, neman halak ɗinsa yake. Amma kwastoman da ke dawowa duk sati sayen koyil da babbar kwalbar ruwa ya fi masa riba a kan wanda zai ɓace wata uku. Shawararsa na bin ribarsa. Kai ma bi lissafinka.

29/ Su kuma 'yan sha-ka-yar ɗin nan masu launin alawa, da ake rubuta musu zuƙa dubu kaza? Da yawansu an rubuta 5%, wato miligiram 50 a mililita. Tarayyar Turai iyakarta 20. Ba ka san wace waya ke ciki ba, ba ka san wane ruwa ba, ba za ka iya rage ƙarfinsa ba.

30/ In ya ƙare kuma ka wurga batirin lithiyam a kwata. Birtaniya ta haramta sayar da su daga 1 ga Yuni, 2025, saboda shara da kuma yadda yara suka rungume su. Mu nan dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18 taba, amma wa ke tambayar yaro shekarunsa a shagon shisha?

31/ "Ɗaurawar ce wahala." Kai da ke kwance janareto ka wanke fulogi cikin duhu da cocilar waya a baki? Kayan aikin: waya Kanthal mai lamba 28, audugar da ba a sa wa sinadari ba, ƙaramin almakashi, abin datse waya, matsefata, da sukudireba mai kaurin milimita 2.5.

32/ Wanke hannu. Naɗe wayar a jikin sukudireban sau 7, za ka samu wajen om 1.2 zuwa 1.3. Ɗaure ƙafafun a sukurori, koyil ya zauna saitin ramin iska ba tare da ya taɓa dandali ba. Datse ragowar ƙafafun sosai. Duba om a allo KAFIN ka danna komai. In lambar na tsalle, akwai sako-sako ko haɗuwar waya.

33/ Sa wat 10, danna kaɗan-kaɗan har ya ɗan yi ja. Jan ya fara daga tsakiya ya bazu gefe. In wani wuri ya riga saura haske, saki maɓalli ka gyara da matsefata. Wannan na Kanthal ne. Wayar nikel zalla da titaniyam ba a gasa su haka, sabon shiga ya bar su kawai.

34/ Auduga ita ce jarrabawar. Ta shiga koyil da ɗan matsi, amma in ka ja ta ta motsa ba tare da ta lanƙwasa koyil ba. Jelar ta kwanta a ramin ruwa a sake, kar ka cusa ta kamar kana toshe ɓarakar tulu. Ta yi yawa, ƙauri. Ta yi kaɗan, yoyo da ƙarar kurkure.

35/ Ruwa kuma rabi-da-rabi, PG 50 gilisirin 50. Mai kauri irin na 'yan gajimare ba ya bin ƙananan ramukan tankin MTL da sauri. Fileba mai zaƙi sosai kuwa ita ke baƙanta koyil cikin kwana biyu. Fara da wat 11 ko 12, ja a hankali kamar shan shayi mai zafi.

36/ "Ai RTA yoyo yake." Wanda aka ɗaura da kyau ba ya yi. Amma mu da ke ganin digiri 40 da ɗori a Afrilu, mu sani zafi na tsinka ruwa, iskar cikin tanki ta kumbura ta turo shi waje. Kar ka bar shi a mota a rana. Batirin ma ba ya son wannan gashin.

37/ "Ba ya hayaƙi, ba ya burgewa." To wa kake son burgewa? Ƙannenka da ke leƙenka ta taga? Ni a wurina ƙarancin tururin nan yana cikin manyan fa'idojinsa. Ba ka dami na kusa da kai ba, ba ka zama allon talla ga yaran unguwa ba. Mai shan magani ba ya yi masa shagali.

38/ Sai 'yan uwa masu cewa duk ɗaya ne, duk illa, a bari kawai. Na yarda bari gaba ɗaya shi ne mafi alheri, babu ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana gargaɗi mai ƙarfi a kan sigarin lantarki. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, ba a zaren nan za a ba da fatawa ba.

39/ Amma duk ɗaya? Sigari ƙona ganye take, kwalta da iskar kabon monoksaid daga ƙunar suke fitowa. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2022 ya samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa sigarin lantarki mai nikotin ya fi cingam da filastar nikotin taimaka wa mutane barin sigari. Mai kwali a rana yana da haƙƙin jin wannan.

40/ Sharaɗin shi ne a bar sigarin gaba ɗaya, ba a haɗa biyu ba. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai asma, ku fara da likita. Kuma kar wanda ya zuba wani abu a tanki ban da ruwan da aka yi dominsa. Babu mai, babu turare, babu haɗin wani gaye na bayan layi.

41/ A 2019 Amurka ta ga abin da hakan ke jawowa: mutum sama da 2,800 aka kwantar da ciwon huhu, 68 suka mutu zuwa Fabrairun 2020. Babban abin da aka gano shi ne sinadarin bitamin E asitet da ake cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya yafe mai.

42/ Kwalbar ruwa kuma a kulle ta inda yaro ba zai kai ba. Tana ƙanshin mangwaro, yaro ba ya karanta rubutu, nikotin ɗin da ke ciki zai iya kashe ƙaramin yaro in ya sha. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, kar ya shigo da ita gida kwata-kwata.

43/ Babban abin da ya sa nake kare wannan tanki: shi ne ke ba ka linzami. Kai ke zaɓar ruwa, don haka kai ke sauke nikotin. Daga 12 zuwa 9, zuwa 6, zuwa 3, a hankali, ba tare da ka ƙara yawan zuƙa ba. Ranar da ka kai sifili, ka wanke tankin ka ajiye. Can aka nufa.

44/ Mai gajimare ba shi da wannan tafiyar. Yana 3 tun bara, yana ƙara wat, yana ƙara kwalba, yana jiran sabuwar na'ura ta fito. Jaraba ɗaya ya musanya da biyu: nikotin da sayayya. Sannan shi ke kiran wani tsoho.

45/ Don haka masu wat 80, ga fili ga mai doki. Ku kawo mililita nawa kuke sha a rana, sunan batirinku da iyakar amfiyarsa, da ranar da kuka sha karan sigari na ƙarshe. Zagi ba lamba ba ne, ba zan amsa shi ba.

46/ Wanda kuma yake da yaya ko aboki da sigari ke ci, tura masa zaren nan a ɓoye, ba a guruf ba, kar ka kunyata shi. Masu tambayar ɗauri ku ajiye a ƙasa tare da sunan tanki da lambar waya ta ƙarfe, ba ta kira ba 😅 Allah ya raba mu da jarabar baki ɗaya. Amin.